Daga Kafanchan zuwa Fadan Kaje: Abin da kafso ke yi wa garkuwar jiki idan maƙogwaro ya kamu

A watan Yulin 2023 ne gwamnatin Jihar Kaduna ta tabbatar da ɓullar cutar mashaƙo a Kafanchan, hedikwatar ƙaramar hukumar Jama'a, bayan mutuwar yara a mazaɓun Takau, Kafanchan A da Kafanchan B. Aka rufe makarantun ƙananan yara a garin, aka tura jami'an lafiya domin bincike da bin sawun waɗanda suka yi cuɗanya da marasa lafiyar. A daidai wannan lokacin hukumomin Abuja su ma suka sanar da mutuwar wani yaro ɗan shekara 4 a yankin Deidei sakamakon cutar.

Mashaƙo ba ya shigowa da ƙugi. Farkonsa ɗan zazzaɓi ne, da zafin maƙogwaro, da ƙin abinci, irin abin da kowace uwa ta sha gani ya zo ya wuce. A gari kamar Fadan Kaje, kusa da Zonkwa a ƙasar Bajju, cikin ƙaramar hukumar Zangon Kataf mai iyaka da Jama'a, abin da aka saba yi a irin wannan hali sananne ne, kuma shi ake yi a kusan kowane ƙauye na Arewa: a nufi kemis, a sayi kafso daidai kuɗin da ke hannu, a ba yaro na kwana biyu ko uku, ya fara haɗiyar tuwo, a ajiye sauran. Ma'aikacin gwamnatin tarayya ɗan asalin yankin da ke zaune a Nyanya ko Kubwa yakan shiga lamarin ta waya, a ce masa yaro ba ya iya haɗiya, shi kuwa ya tura kuɗin magani ya koma bakin aikinsa.

Kowa ya san abin da ake so kafson ya yi wa ƙwayar cuta. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne me yake yi wa garkuwar jikin yaron, wadda ita ma ta riga ta fito yaƙi tun kafin a isa kemis. Amsar ta dogara ga wace ƙwaya ce ta sauka a maƙogwaron, kuma ƙwayoyi biyun da suka fi haɗari sun saɓa wa juna kusan a komai.

Kafin a kai gare su, ya kamata a share fage. Mafi yawan ciwon maƙogwaro bairas ne ke kawo shi, dangin masu haddasa mura, musamman a lokacin hunturu da ƙura ke tashi, iyali kuma suka cunkushe a ɗaki ɗaya saboda sanyi. Antibayotik ba ya taɓa bairas. Wanda ya sha kafso ya warke daga irin wannan ciwon, garkuwar jikinsa ce ta yi aikin, kafso ya karɓi yabo.

Sojojin Wayomin da ciwon da ke komawa zuciya

Ƙwaya ta farko ita ce Streptococcus ta rukunin A, wadda za a iya taƙaita sunanta da sitirep. Ita ke da alhakin kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na ciwon maƙogwaro a yara, da kashi 5 zuwa 15 a manya, kuma ta fi kama 'yan shekara 5 zuwa 15, wato 'yan firamare da ƙaramar sakandare. Tana zuwa da zazzaɓi kwatsam, da kaluluwa mai zafi a ƙarƙashin muƙamuƙi, da jan maƙogwaro mai ɗigon fari. Yawanci babu tari, babu majina a hanci.

Ko an yi magani ko ba a yi ba, zafin kan lafa cikin kwana uku zuwa biyar. Da aka tattara gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashe daban-daban, an ga cewa antibayotik na rage tsawon jinyar ne da abin da bai kai yini ɗaya cikakke ba. Da saboda zafin kaɗai ne, da ba a damu da sitirep ba. Damuwar tana ga abin da kan biyo baya bayan mako biyu zuwa uku, lokacin da kowa ya manta da ciwon.

Idan sitirep ta sauka, jiki yakan ƙera mata makamai na musamman, waɗanda likitoci ke kira antibodi, masu gane ta da irin rigar da ke jikinta. Babban abin da ke cikin wannan riga shi ne furotin M. Sai dai wasu sassan rigar suna kama da naman zuciyar mutum, da na gaɓoɓinsa, da wani ɓangare na ƙwaƙwalwarsa. A jikin wasu yara garkuwar kan kasa bambance baƙo da ɗan gida, ta juya kan mai ita, ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya. Sai a ga gwiwa ta kumbura yau, gobe idon sawu, jibi gwiwar hannu. Wani yaron hannuwansa su riƙa motsi ba da sonsa ba har a ce iska ce ta taɓa shi. Wannan shi ne zazzaɓin rumatik. Gaɓoɓin sukan warke sumul, amma tabon da ke zama a ƙofofin zuciya, musamman wadda ke tsakanin ɗakuna biyun hagu, ba ya gogewa. Yarinyar da ta yi ciwon maƙogwaro tana aji huɗu, mai yiwuwa sai ta ɗauki cikin fari numfashinta zai fara sarƙewa, a gano ƙofar zuciyarta ta tsuke.

Hujjar cewa magani na iya tare wannan hanya ta fito ne daga wani barikin sojan sama na Amurka mai suna Warren, a Jihar Wayomin, inda sitirep ke yawo cikin ƙuratan soja. A 1950 ayarin likitoci ƙarƙashin Charles Rammelkamp, tare da Floyd Denny da Lewis Wannamaker, suka wallafa sakamakon aikinsu: cikin sojoji 798 da aka yi wa allurar penisilin, 2 ne suka kamu da zazzaɓin rumatik, cikin 804 da ba a yi wa ba, 17 suka kamu.

Akwai wani abu kuma da suka gani a jinin sojojin, wanda shi ne gishirin wannan batu. Waɗanda aka yi wa allura, antibodinsu bai hau kamar na sauran ba. Penisilin ba ya taɓa garkuwar jiki kai tsaye. Abin da yake yi shi ne hana ƙwayar gina katangar jikinta har ta fashe. Amma da zarar ƙwayar ta gushe, abin da ke tunzura garkuwar ya gushe, sai ta sassauta. Wannan sassaucin shi ne ya ceci zukatan sojojin. Maganin ya raba faɗa ne tun kafin mai gida ya fara jifa ba ji ba gani.

Ribar tana da kuɗinta

Antibodin da ke iya ɓata zuciya, 'yan uwansa ne ke kare mutum daga sake kamuwa. Rebecca Lancefield, masaniyar da ta rarraba dangin sitirep rukuni-rukuni, ta nuna a 1959 cewa antibodin da jiki ya ƙera wa wani nau'in furotin M na iya zama a jini har shekara 32. Idan aka kashe ƙwayar da wuri, jikin ba ya samun isasshen lokacin haddace fuskarta, kuma wannan kariya mai dogon zango takan yi rauni ko ta ƙi samuwa.

Daga nan ne wasu likitocin yara suka fara tunanin ko jinkiri zai yi amfani. A 1987 Michael Pichichero da abokan aikinsa a Rochester ta Amurka suka kwatanta yaran da aka fara ba penisilin nan take da waɗanda aka jinkirta wa na kwana biyu, suka ga ciwon ya fi dawowa ga na farkon. Wani bincike a ƙasar Jodan a 1991 ya sami makamancin haka. Amma Michael Gerber, da ya gwada abin a 1990, bai ga wani bambanci ba. Har yau manyan ƙa'idojin jinya ba su ce a riƙa jinkirta magani da gangan ba, kuma dalilin a fili yake. Furotin M ya haura nau'i 200. Kariyar da yaro zai samu bayan ya sha wahala tana aiki ne sosai a kan nau'in da ya kama shi. Sauran ɗari biyun na nan suna jira a aji da filin wasa. A saya wa yaro wannan 'yar kariya da haɗarin lalacewar zuciya ciniki ne na asara, balle a wurin da zazzaɓin rumatik bai zama tarihi ba. Ga shi kuma wanda aka fara ba magani yakan daina yaɗa ƙwayar cikin yini ɗaya, alhali wanda aka bari yana ta rabon ta ga ƙannensa.

Abin da ya fi amfani daga waccan muhawara shi ne wani sakamako da ayarin Wayomin ya fitar a 1954: ko an kai kwana 9 da fara ciwon kafin a ba da penisilin, yana hana zazzaɓin rumatik. Wato da sitirep babu dalilin rawar jiki. Akwai lokacin da za a kai yaro asibiti a duba shi, a sharo maƙogwaronsa da auduga a gwada, a tabbatar ƙwayar ce kafin a buɗe kwalba.

Sharaɗin dai shi ne a kashe ta gaba ɗaya. A nan ne al'adar kwana biyu ke yin ɓarna. Likitocin Wayomin sun gwada wani maganin dangin salfa wanda ke danne sitirep ba tare da ya kawar da ita ba, suka ga bai hana zazzaɓin rumatik ba. Muddin akwai ragowar ƙwaya a maƙogwaro, garkuwar ba za ta kwanta ba. Shi ya sa ƙa'idar ta zama kwana 10 cif na penisilin ko amoksisilin, ko kuma allura guda ta benzatin penisilin wadda ke zama a tsoka tana tsiyaya cikin jini na makonni. Kafso shida da aka sha cikin kwana biyu an kashe maciji ne ba a sare kansa ba: zafi ya tafi, wanda dama zai tafi, haɗarin kuwa yana nan. Wanda ake kira ja-da-yalo, wato tetrasaikilin, shi ma ba abin dogaro ba ne, domin sitirep da yawa sun daina jin sa, kuma ba a ba yara 'yan ƙasa da shekara 8 saboda yana ɓata haƙora. Abin mamaki, duk da fiye da shekara 70 ana amfani da penisilin, sitirep ba ta koyi bijire masa ba.

Rabin magani yana kuma rikita likitan da za a je wurinsa daga baya. Gwajin jinin da ake kira ASO, wanda ɗakunan gwaji da dama a ƙasar nan ke yi, yana auna ɗaya daga cikin antibodin nan ne. Yakan fara hawa bayan kamar mako guda, ya kai ƙololuwa cikin mako uku zuwa shida. Don haka ba shi da amfani wajen gane ciwon maƙogwaron yau. Amfaninsa shi ne tabbatar da cewa sitirep ta wuce ta jikin yaron da ya zo da kumburin gaɓoɓi. Antibayotik da aka sha da wuri na iya dushe wannan shaida.

Mashaƙo ba ya ba da kwana tara

Ƙwaya ta biyu, Corynebacterium diphtheriae, ita ce ta addabi Kafanchan. Da ita lissafin ya juye. Ba garkuwar jiki ce ke yin ɓarnar ba. Dafin da ƙwayar ke fitarwa ne. Dafin yana shiga ƙwayoyin halittar jiki ya tsayar da aikin ƙera furotin, su mutu. A maƙogwaro matattun ƙwayoyin kan haɗu su zama wata fata mai launin toka da ke manne gam, wadda ke zubar da jini idan aka kankare ta, kuma tana iya toshe hanyar numfashi. Wuya ya kumbura kamar na sa. Sauran dafin ya bi jini: bayan mako ɗaya ko biyu ya raunana tsokar zuciya, bayan wasu makonni ya taɓa jijiyoyi, har yaro ya sha ruwa ya fito masa ta hanci. Ko da an yi jinya yadda ya kamata, mutum 5 zuwa 10 cikin 100 sukan mutu.

A nan ya dace a yi wata 'yar ratse. A garuruwan Arewa da dama, yaron da ya kasa haɗiya wanzami ake fara kai wa domin a cire masa beli. Saka aska a maƙogwaron da mashaƙo ya lulluɓe yana jawo zubar jini, yana ɓata lokacin da babu shi, kuma askar kan wuce zuwa bakin yaro na gaba.

Antibayotik yana kashe ƙwayar mashaƙo, ya hana ta fitar da sabon dafi, kuma bayan kamar sa'o'i 48 mara lafiya yakan daina yaɗa ta. Amma dafin da ya riga ya fita ba ruwansa da kafso. Shi sai makari, wato antibodin da aka ɗebo daga jinin dokin da aka yi wa rigakafi, aka tace, a ɗura wa mara lafiya. Garkuwa ce ta aro. Emil von Behring da Shibasaburo Kitasato ne suka gano wannan dabara a Jamus a 1890, kuma da ita Behring ya zama mutum na farko da ya karɓi kyautar Nobel ta fannin likitanci a 1901. Makarin yana kama dafin da ke yawo a jini ne kawai. Wanda ya riga ya shige cikin ƙwayoyin zuciya ya fi ƙarfinsa. Shi ya sa ƙa'ida ta ce a ba da shi da zarar likita ya yi zargin cutar, ba tare da jiran sakamakon gwaji ba. Kwana biyun da aka ɓata ana gwada kafson kemis su ne kwanakin da makarin ya fi aiki a cikinsu. Sannan kafson kan sa ƙwayar ta ƙi tsirowa a ɗakin gwaji, a ce ba a ga komai ba, yaron ya faɗo daga ƙididdiga.

An ga abin da rashin makari ke yi a ƙauyen Kimba na Jihar Borno a 2011, inda mutum 98 suka kamu, 21 suka mutu. Annobar da Hukumar Daƙile Cututtuka ta Ƙasa, NCDC, ta fara samun rahotonta daga Kano da Legas a Disambar 2022 kuwa ta shafe duk wata da aka taɓa ƙidayawa a ƙasar nan. Zuwa watan Maris na 2025 an tabbatar da fiye da mutum 25,000 sun kamu, fiye da 1,300 sun mutu, Kano kaɗai ta ɗauki fiye da kashi biyu cikin uku. A wannan watan ne cutar ta kashe ɗalibi ɗan shekara 12 na King's College ta Legas, makarantar gwamnatin tarayya. Kusan ɗaya cikin biyar ne kawai na waɗanda aka tabbatar sun kamu ke da cikakken rigakafi.

Ko maganin ma ya fara sauyawa. A jagorar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Fabrairun 2024, ta fifita azitromaisin da eritromaisin a kan penisilin wajen jinyar mashaƙo, saboda ƙwayar ta fara bijire wa penisilin a wurare da dama. Maganin da ya fi dacewa da sitirep ke nan ba shi ne na gaba-gaba ga mashaƙo ba, kuma mai kemis da ke hasken maƙogwaro da tocilan waya ba shi da hanyar tabbatar da wanne yake kallo.

Wani abin da iyaye da yawa ba sa zato shi ne, wanda ya yi mashaƙo ya tashi ba lalle ne ya sami kariya ba. Dafin yana da ƙarfin da ɗan kaɗan ya isa ya kwantar da mutum tun bai kai yawan da zai koya wa garkuwa darasi mai ɗorewa ba. Makarin doki kuma na aro ne, yakan ƙare cikin 'yan makonni. Don haka ƙa'ida ita ce a fara ko a kammala yi wa mara lafiya rigakafi yana cikin murmurewa, a kuma yi wa 'yan gidansu tare da ba su antibayotik na kariya. Rigakafin shi ne dafin da aka kashe wa kaifi, dabarar da Gaston Ramon na Faransa ya fito da ita a 1923; jiki ya san fuskarsa ba tare da ya ɗanɗani azabarsa ba. A Najeriya yana cikin allurar Penta da ake yi wa jariri a mako na 6, na 10 da na 14. Binciken ƙasa na 2021 ya nuna kashi 57 cikin 100 na yara ne suka sami ukun. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ƙarin allurai uku, a shekara ta biyu, da tsakanin shekara 4 zuwa 7, da 9 zuwa 15, domin kariyar tana dusashewa. Jadawalin Najeriya kuwa ya daɗe yana tsayawa a kan ukun farko. Ba abin mamaki ba ne da annobar ta fi cin 'yan makaranta.

Akwai ma zaren da ya haɗa shan antibayotik barkatai da ƙarfin rigakafin kansa. A 2022 mujallar Pediatrics ta wallafa binciken da Pichichero da abokansa suka yi kan yara 560 'yan ƙasa da shekara 2, inda suka ga waɗanda aka fi ɗirka wa antibayotik antibodinsu na rigakafi ya fi ƙasa, har da na mashaƙo. Bincike ne na lura, wanda ke nuna alaƙa kawai, kuma bai ce a hana yaro mara lafiya magani ba. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne cewa maganin yana share ƙwayoyin hanji masu amfani da ke taya garkuwa girma. Haka ma a maƙogwaro akwai ƙwayoyi 'yan gida marasa cutarwa da ke tsare wa sitirep wurin zama, kuma magani mai faɗin duka ba ya tambayar wane ne baƙo. Kafson da aka ba jariri saboda mura ba kyauta yake tafiya ba.

Abin da ya rage a teburin Abuja

Ga wanda ke rubuta takardar ba minista shawara ko ke duba kasafin kuɗin wata hukuma, wannan bayani yana sauka ne a kan kayayyaki huɗu da ba su maye gurbin juna: abin gwaji, penisilin, makari, rigakafi. Da annoba ta taso hankali yakan koma kan na uku da na huɗu, kamar yadda aka yi a Satumbar 2023 lokacin da Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya kafa kwamitin gaggawa kan mashaƙo. Makarin kamfanoni ƙalilan ne ke yin sa a duniya, ba ya jure zafi, kuma yana da wa'adi. Ajiye shi a Abuja ko Kaduna ba daidai yake da ajiye shi a Kafanchan ba, ga yaron da za a ɗauko a kan babur daga wani ƙauyen Zangon Kataf cikin damina. Amincewar da gwamnatin tarayya ta yi a 2025 na mayar da Asibitin Sir Patrick Ibrahim Yakowa da ke Kafanchan Cibiyar Lafiya ta Tarayya ta sa wannan tambaya ta zama ta tarayya kai tsaye.

Sitirep ita ce marainiyar. Ba ta yin annobar da za a rufe makaranta, ba ta kashe mutum a makon da ya kamu, kuma har yau babu rigakafinta. An yi yunƙuri a shekarun 1960, wasu daga cikin yaran da aka yi wa gwajin suka kamu da zazzaɓin rumatik, Amurka ta hana irin wannan gwaji na fiye da shekara 25. Matsalar kamannin nan ce dai ta sake ɓullowa. Ƙiyasin duniya na 2015 ya nuna mutum miliyan 33 na ɗauke da ciwon zuciyar da take haddasawa, kuma yana kashe kimanin 319,000 a shekara. Binciken REMEDY, wanda ya bi marasa lafiya 3,343 a asibitocin ƙasashen Afirka 12 har da Najeriya, da Indiya da Yaman, ya sami matsakaicin shekarunsu 28 ne, kuma kusan biyu cikin uku mata ne. A watan Mayun 2018 Babban Taron Lafiya na Duniya ya zartar da ƙuduri kan cutar, wanda ya ɗora wa ƙasashe nauyin tabbatar da samuwar benzatin penisilin.

Maganin yana da arha, kuma arhar ce ke cutar da shi: riba kaɗan ce, masu yin sa kaɗan ne, yakan yi ƙaranci a kasuwannin duniya lokaci zuwa lokaci. Ga yaron da ya taɓa yin zazzaɓin rumatik, allurar nan duk mako uku ko huɗu, na tsawon shekaru, ita ce abin da ke hana garkuwarsa sake haɗuwa da sitirep ta sake far wa zuciyarsa. A Gulu ta ƙasar Yuganda an gwada ta a kan yaran da na'urar hoton zuciya ta nuna ciwon ya fara kama su a ɓoye. Sakamakon da aka wallafa a 2021 ya nuna bayan shekara biyu ciwon ya ci gaba a jikin yara 3 cikin 399 da ake yi wa allurar, da 33 cikin 400 da ba a yi wa. Aikin sauya ƙofar zuciya kuwa na miliyoyin naira ne, a asibitoci 'yan ƙalilan.

A nan manufofi biyu na gwamnati ke iya taka sawun juna idan ba a lura ba. Najeriya na da shirin ƙasa na 2024 zuwa 2028 kan bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani, kuma saƙonsa shi ne a rage shan antibayotik. Shirin kare zuciyar yara kuwa cewa yake yi a ba da shi. Duka biyun daidai ne, abin da ke sulhunta su shi ne iya bambancewa. Inda babu kayan gwaji, ma'aikacin lafiya da aka horar zai iya amfani da alamomi huɗun da Robert Centor ya tsara a 1981: zazzaɓi, kaluluwa mai zafi, farin ɗigo a maƙogwaro, rashin tari. Ba su kai gwaji ba, amma sun fi ƙiyasin kan kanta. Kosta Rika ta rage zazzaɓin rumatik ƙwarai a shekarun 1970 ta hanyar yi wa yara allurar benzatin guda bisa alamomi, abin da ya kawar da matsalar ajiye magani a rana ta uku. Lardin Pinar del Rio na Kyuba ya yi irin wannan nasara tsakanin 1986 da 1996 da rajistar marasa lafiya da horar da ma'aikata.

Kudancin Kaduna ba ta rasa hannayen da za su yi wannan aiki ba, domin akwai kwalejin koyon aikin jinya da ungozoma a Kafanchan, akwai Asibitin St. Louis da makarantarsa ta ungozoma a Zonkwa. Akwai kuma bututun kuɗi: Asusun Kula da Lafiya a Matakin Farko, wanda Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, yana zuwa ne ga cibiyoyin lafiya na mazaɓu. Abin da cibiya irin wannan za ta buƙata domin Fadan Kaje da ƙauyukan kewayenta ba shi da yawa: kwalaben benzatin da allurar adirenalin a gefe saboda wanda jikinsa bai karɓi penisilin ba, littafin rajista mai ɗauke da sunan kowane yaro da ranar allurarsa ta gaba, da lambar wayar wanda za a kira a Kafanchan idan aka buɗe baki aka ga fata mai launin toka.